Daga Pittsburgh zuwa Jeffersonville: Karatun Tsofaffin Hotunan Jiragen Turi a Kogin Ohayo

Kogin Ohayo na ƙasar Amurka yana farawa ne a tsakiyar birnin Pittsburgh, inda Allegheny da Monongahela suka haɗu, ya yi tafiyar mil 981 kafin ya faɗa Misisipi a garin Cairo na jihar Illinois. Daga wannan mahaɗa ma'aikatan kogi ke ƙirga nisa, shi ya sa kowane gari da lambarsa: Marietta tana mil 172, Cincinnati mil 470, Louisville ta ɗan haura 600. Wannan hanya na bi da mota, ina yada zango a ɗakunan karatu da gidajen tarihi da ke ajiye da tsofaffin hotunan jiragen turi, da na kantunan bakin ruwa, da na jama'ar da kogin ke ciyarwa. Shawarata ga mai niyyar irin wannan tafiya ita ce, duk hoton da aka miƙo masa, ya fara duba inda ruwa ya tsaya kafin ya dubi jirgin ko ya karanta rubutun da ke ƙasa. Tsayin ruwan shi ke faɗin dalilin da ya sa jirgi yake tafe ko yake ɗaure, wani lokaci har da shekarun da aka ɗauki hoton.

Jirgin turi ba ya ɗaukar kaya a cikinsa. Kayan suna cikin barji, wato ƙaton akwati mai shafaffen gindi wanda ba shi da inji. Ana jera barjoji gefe da gefe, gaba da baya, a ɗaure su tamau da igiyar waya har su zama abu guda, sannan jirgin ya kafa goshinsa a bayansu ya tura. Barjin yau tsawonsa ƙafa 195, faɗinsa 35, yana cin kaya wajen tan 1,500. A Ohayo an saba haɗa 15, uku a faɗi biyar a tsawo, tan 22,500 ke nan a gaban jirgi ɗaya mai ma'aikata wajen goma.

A Pittsburgh na shiga keken hawan dutse na Duquesne, wanda ke aiki tun 1877, zuwa saman tudun Washington. Tashar sama tana da tsofaffin hotunan birnin a bango, daga barandarta kuma ana ganin mahaɗar kogunan sarai. Hotunan birnin na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 sukan nuna bakin Monongahela a rufe ruf da jiragen katako marasa inji maƙare da kwal, ruwan ba ya ganuwa sai ɗan siririn layi a tsakiya, jiragen turi kuma na jere a gaɓa babu hayaƙi a bututunsu. Baƙo zai ɗauka kasuwa ce ta buɗe, alhali zaman jira ake yi. Kafin a datse kogin, tsakanin Yuli da Oktoba Ohayo kan janye har ruwa ya rage ƙafa 1 ko 2 a kan tsibiran yashi, jirgin kwal mai cikakken lodi kuwa sai ruwa ya kai wajen ƙafa 10 yake sauka lafiya. Don haka a haƙo kwal, a loda, a ɗaure, a zauna ana duban sama, wani lokaci watanni. Wanda ya san yadda jiragen kamfani ke jiran cikar Binuwai a Agusta da Satumba kafin su hau zuwa Garwa kwasar gyaɗa da auduga, ya san irin wannan zama.

Jiragen kwal ɗin nan ba a yi su don su daɗe ba. Tsawo wajen ƙafa 175, faɗi 26, katakon gefe bai kai kaurin inci 2 ba, amma ana zuba masa kwal kusan tan 1,000. Yoyo kuwa ba dare ba rana. Idan ka ga siririn bututu ya tashi daga jirgin turi ya bi ta kan lodin, tururi yake kaiwa ga famfunan da ke zuƙe ruwan. Da yawansu idan sun isa New Orleans aka sauke kwal, sai a farfasa su a sayar da katakon, domin kuɗin mayar da su sama ya fi darajarsu. Ranar da ruwa ya zo kowa ke kuncewa a lokaci guda, saboda cikar ba ta daɗewa, kuma a ranar ake ɓarna. Lodi ɗaya ya gogi ƙafar gada, katako ya tsage, waya ta tsinke, jirage su watse su tare hanya, na baya kuma ba shi da birki, ga ruwa na ingiza shi. Bayan ruwa ya sauka mutanen ƙauyukan gaɓa su fito da kwanduna tsintar kwal.

A 1899 manyan masu safarar kwal na Monongahela suka haɗe suka zama kamfani guda, shi ne ya sa aka ƙera Sprague a Dubuque ta jihar Iowa, jirgin da ya fara aiki a 1902, wanda ba a yi jirgin turi mai wilin baya, wato ƙaton wili mai filafilai da ke juyawa a bayan jirgi yana tura ruwa, da ya kai shi girma ba. Tsawonsa har da wili ƙafa 318. A Fabrairun 1907 ya tura jirage 60 ɗauke da kwal tan 67,307 a Misisipi. Hotonsa ya yi yawo sosai a katunan gidan waya, amma a lura: yawancin aikinsa daga Louisville ne zuwa kudu, ƙananan jirage ke sauko da lodi a haɗa masa a can. Sunan garin da ake rubutawa a bayan jirgi garin rajista ne, ba shaida ba ce ta inda aka ɗauki hoto. Sprague ya ƙone a Vicksburg a 1974.

Daga nan na kama hanya mai lamba 7 ta jihar Ohayo, wadda ke manne da kogin. Na wuce East Liverpool, garin masu tangaran, da Steubenville ta masana'antun ƙarfe, sai a madatsar Hannibal, wajen mil 126, na tsaya, domin a can an ajiye samfurin tsohuwar madatsa da ƙaramin jirgin da ke yi mata aiki. Madatsa ta farko a kogin ita ce ta tsibirin Davis a 1885, an kammala jerin a 1929, madatsu kusan 50 da suka tabbatar da zurfin ƙafa 9 duk shekara. Alluna ne na katako masu nauyi, kowane faɗinsa wajen ƙafa 4, an jera su a faɗin kogi, kowane da maƙalin ƙarfe a ƙasan ruwa da madogari a bayansa. Idan ruwa ya yi ƙasa, jirgin aikin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a sa ƙugiya a ɗago allo, madogarin ya faɗa gurbinsa, ruwa ya taru a baya. Idan ruwa ya cika a kwantar da su, jirage su bi ta kansu. Abokan gabarsu ƙanƙara da itatuwan da ruwa ke kwasowa: aka yi jinkirin kwantarwa, tarkace ya taru ya karya madogarai.

A gefen kowace madatsa akwai mashiga, wato dogon ɗaki na kankare mai ƙofa a kowane ƙarshe. Jirgi ya shiga, a rufe, a buɗe bawul, ruwa ya shiga ko ya fita da nauyin kansa ba tare da famfo ba, har ya yi daidai da ɗaya ɓangaren. Tsofaffin mashigai ƙafa 600 ne a tsawo, 110 a faɗi. Lodin da ya fi haka tsawo sai a raba shi biyu: a tura rabin farko ciki, jirgi ya ja baya, a ɗaga ko a sauke, a jawo shi waje da injin naɗe waya a ɗaure a bango, sannan a koma a ɗauko rabi na biyu tare da jirgin, a sake ɗauri. Saboda haka lodin da ka gani a rabe a bangon mashiga ba hatsari ya yi ba. Yawancin manyan mashigan yanzu ƙafa 1,200 ne, madatsun kuma sun koma wajen 20, amma faɗin yana nan 110. Barji uku a jere ƙafa 105 ne, matuƙi na da ƙafa biyu da rabi a kowane gefe. Ga mai karatun hoto, ƙa'idar mai sauƙi ce: faffaɗan yashi a tsakiyar kogi, da keken doki ko yara a kansa, kafin madatsar wannan yanki ne, ruwa kwance cike har gindin itatuwa a lokacin da ganye yake shar, bayanta ne.

Marietta ce zangon da ya fi kowane amfani. An kafa garin a 1788 a inda kogin Muskingum ke shiga Ohayo, kuma a bakin Muskingum ɗin aka ɗaure W. P. Snyder Jr., jirgin turi mai tururi da wilin baya, na ƙarshe a irinsa da ya rage cikakke a kan ruwa a wannan yanki. A tambaya kafin a zo, don akan rufe shi da hunturu da lokacin gyara. Ra'ayina, kada a buɗe akwatin hoto ko ɗaya sai an taka wannan jirgi daga goshi zuwa wili.

Tsawonsa ƙafa 175, faɗi wajen 32. Goshinsa a miƙe yake ba tsini, da ginshiƙan ƙarfe a tsaye waɗanda ke dafa bayan barji. An yi su da tsawo ne saboda barjin da babu kaya yana tashi sama ƙwarai, mai lodi kuma yana nutsewa har ya kusa daidai da ruwa, dole ginshiƙin ya kama duka biyun. A dandamalin akwai turakun ƙarfe na ɗauri da injin naɗe igiya. Kayan aikin da yaran jirgi suka fi riƙewa shi ne ƙarfen matsi: bututu mai zare a baki biyu, da ƙugiya a kowane baki. A zagaya waya a turaku, a maƙala, a riƙa juya bututun da hannunsa, idan ya yi tauri a zura masa dogon bututu don ƙarin ƙarfi. Wayar da ta yi sako-sako ita ce ke kashe mutum, domin barjoji za su riƙa motsi, su fizga, ta tsinke ta yi bulala. Shi ya sa a kowane canjin aiki ake bin lodin ana ƙara matsi, kuma ba a tsallaka waya ko a tsaya a cikin lanƙwasarta.

Tukwanen tururi suna gaba, injuna suna baya. Ruwan kogi ake zuba wa tukwanen, da lakarsa da komai, don haka a ƙarƙashinsu akwai gangar da laka ke taruwa, ana buɗe ta lokaci-lokaci a fesar. Aka yi sakaci, laka ta kwanta a kan ƙarfen da wuta ke lasa, ruwa ba ya taɓa shi, ya yi ja, ya kumbura, ya fashe. Haka ma idan ruwa ya yi ƙasa a tukunya ya bar bututun wuta a fili. Tun 1852 doka ta tilasta binciken tukwane da ba matuƙa da injiniyoyi lasisi a jiragen fasinja. Daga kowane inji wani dogon hannu ya miƙa zuwa gindin wilin, ɗaya a dama ɗaya a hagu, an saɓa su da rubu'in zagaye don kada su taɓa tsayawa tare a matacciyar gaɓa, wato inda hannu ya miƙe ba ya iya juya wilin. Wilin ya fi tsayin mutum uku, filafilansa kuwa katako ne da gangan: kututture ya faɗa ciki, allo ɗaya ya karye, kafinta ya kwance noti ya sa wani, ba sai an je ma'aikata ba.

Abin da ya fi gyara mini karatun hotuna shi ne wurin allunan juya jirgi. Manyansu suna gaban wili ne, a ƙarƙashin jirgin. Idan wili na juyawa da baya yana watsa musu ruwa da ƙarfi, lokacin ne jirgin ya fi jin sitiyari. Don haka matuƙin da ke gangarowa da nauyin lodi, idan ya tunkari kwana, ba ya ƙara wuta. Baya yake ja, ya rage gudu har ya gaza na ruwa, ya ajiye bayan jirgin kusa da cikin kwanar, ya bar igiyar ruwa ta kwashi kan lodin ta juya shi, sai ya ga hanya ta miƙe sannan ya tura gaba. Ya makara, kan lodin ya daki gaɓar waje. A hoto, kumfa a bayan wili alamar gaba ce. Kumfa tana tafasa a gefen jirgi ta gaban wili, baya ake ja. Na ga hoton da rubutunsa ya ce jirgi ya kauce hanya, alhali matuƙin yana tsakiyar wannan dabara ce.

Ɗakin matuƙin Snyder yana gaban bene na biyu maimakon kan rufi, bututun hayaƙinsa kuma suna da maƙali ana kwantar da su baya, duk don ya wuce ƙarƙashin gajerun gadojin Monongahela. Kamfanin James Rees na Pittsburgh ya ƙera shi a 1918 wa kamfanin ƙarfe na Carnegie da sunan W. H. Clingerman. A 1938 ya koma J. L. Perry, a 1945 ya ɗan yi zama da sunan A-1, a shekarar kuma kamfanin Crucible ya saye shi ya raɗa masa sunan yanzu. Ya iso Marietta a Satumban 1955. Jirgi ɗaya, suna huɗu, kowane suna ya kafa wa hoto iyakar shekaru. Akasin haka ma na faruwa, suna ɗaya a kan jirage daban-daban, tun da kamfani kan mayar da sunan jirgin da ya nutse a kan sabo. Kyaftin Frederick Way Jr., tsohon matuƙi, ya shafe rayuwarsa yana tattara sunaye da awo da makomar waɗannan jirage, kuma har yau da lissafinsa ma'aikatan ɗakunan karatu ke tantancewa.

A Kwalejin Marietta akwai dubban hotunan Harry P. Fischer, mai hoton garin a rabin farko na ƙarni na 20. Yawancin masu hoto na wancan zamani a kan gilashi suke ɗauka, mai inci 5 da 7 ko 8 da 10. Gefe ɗaya na gilashin yana sheƙi, ɗayan dusu-dusu, shi ne mai ɗauke da hoton, ba a taɓa shi. Ana kama gilashin ta baki, a ajiye shi a tsaye a kan dogon gefensa cikin takarda mai fukafukai huɗu da ake buɗewa. Ambulan da ake zura shi ciki yana kankare fatar hoton, jibga su kwance kuma na ƙasa ke tsagewa. Kurakurai uku ne ke yawan ruɗar mai kallo. Na farko, maganin da ke kan gilashin ba ya ganin ja sosai, shuɗi kuma yana cika masa ido, shi ya sa jan wili ke fitowa baƙi, sama kuma fari fat ba gajimare. Na biyu, ana wanke hoto a juye, gaɓar dama ta koma hagu. A duba sunan jirgi ko allon kanti da madubin ƙara girma. Na uku, wasu masu hoton kan ƙara hayaƙi da hannu don kati ya sayu. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe amma wili ba ya ɗiga, igiya kuma na ɗaure a gaɓa, to aikin hannu ne.

Katunan gidan waya su ne suka fi sauƙin sa wa shekara, muddin an juya bayansu. Sai daga Maris na 1907 aka yarda a Amurka a raba bayan kati biyu, saƙo a hagu adireshi a dama. Wanda bayansa ba layi, ya girmi haka ko kuwa tsohuwar takarda aka yi amfani da ita. A gurbin kan sarki na takardar wanke hoto mai suna AZO, idan ƙananan alamu masu kusurwa uku na kusurwoyin huɗu duk suna kallon sama, tsakanin 1904 da 1918 ne. Biyu sama biyu ƙasa, 1918 zuwa 1930. Wannan shekarar takarda ce, nagatif ɗin na iya girmar ta. Tutar Amurka ma na taimakawa idan iska ta buɗe ta: taurari 45 daga 1896, 46 daga 1908, 48 daga 1912 har 1959.

Hotunan kantuna sun fi na jirage ba da labari, a ganina, ko da yake ba su ake rububi ba. Tsarinsu kusan ɗaya ne: mai kanti a bakin ƙofa, yaransa da farin kyallen gaba, keken dokin kai kaya a gefe. Idonka ya bar fuskokin ya koma taga, inda aka rubuta farashi, ya duba ko titin laka ne ko jan bulo, ko an ja wayar lantarki. A hoton cikin kanti a nemi kalanda a bango. Inuwar mutum da ta yi hazo a tsakiyar ɗaki ba lalacewa ba ce, wani ne ya gifta kyamara na buɗe. A bakin ruwa kuma akwai kasuwancin da kogi ya tilasta masa siffa. Tun da ruwa na hawa da sauka da ƙafa gommai, ba a gina tasha tsayayya. Barji ake rufawa da kwano a mayar da shi ofis da sito, ana jawo shi sama ko a sassauta shi ƙasa yadda ruwa ya yi, gaɓar kuma a shimfiɗe ta da dutse a gangare don kekunan doki. Akwai kantunan da ke sayar wa jirage nama, ƙanƙara, igiya da mai; akwai jiragen 'yan koli masu bin ƙauyuka da kwanuka da tangaran; akwai gidajen wasan kwaikwayo na kan ruwa, waɗanda ba su da inji, idan ka duba bayansu za ka ga ɗan ƙaramin jirgin turi a maƙale. Har masu hoton kansu wasu a kan ruwa suke da shago, irin su Thornton Barrette, wanda hotunan jirage da dama na ƙarshen ƙarni na 19 daga hannunsa suka fito.

Sai ambaliya. A Maris na 1913 ruwa ya kai ƙafa 58.7 a Marietta, ba a sake ganin kamarsa ba, ko ta Janairun 1937 ba ta kai ba. A otal ɗin Lafayette da ke bakin kogi, wanda aka gina a 1918, akwai alamun tsayin ruwan shekaru daban-daban. Hotunan kwale-kwale a tsakiyar titin kasuwa suna da yawa, kuma su ne aka fi yi wa rubutun kuskure, domin an yi manyan ambaliyu a 1884, 1907, 1913, 1936 da 1937, kowa kuma wadda ya ji a bakin kakarsa yake rubutawa. Maganin shi ne a sami gini guda da ke tsaye har yau, a ga inda ruwa ya kama shi, taga ta ƙasa ko baranda, a gwada da tsayin da aka rubuta na kowace shekara. 'Yan kasuwar garin suna da tsarinsu: da labari ya zo daga sama a kwashe kaya zuwa bene, ruwa ya fara janyewa kuma a bi shi da tsintsiya yana fita, don lakar da aka bari ta bushe sai da shebur.

Wani abu da bai yi mini daɗi ba a duk tarin da na duba shi ne rubutun ƙasan hoto. Za a ambaci jirgi, mai jirgi, da kyaftin. Masu zuba kwal a wuta, da matan da ke girki da wanki, da baƙaƙen fata 'yan dako da ke sauke buhuna a tasha, suna nan a gefen hoto babu suna. Su ne ke aikin awa shida a huta shida, dare da rana, tsarin da har yau ake bi a jiragen dizal.

A Cincinnati, babban ɗakin karatun birni da ke titin Vine yana riƙe da tarin kogunan cikin ƙasa tun 1956, lokacin da ƙungiyar 'ya'yan tsofaffin ma'aikatan kogi ta miƙa masa takardunta. A nan ne kuma aka kafe hoton gaɓar birnin na 1848, wanda Charles Fontayne da William Porter suka ɗauka daga Newport a ƙetaren kogi, a kan faranti 8 na jan ƙarfe mai rufin azurfa, kowane inci 6 da rabi da 8 da rabi, sun kama gaɓa wajen mil 2. Jiragen ciki na fasinja da kaya ne, zamanin turin kwal bai kankama ba tukuna, amma kaifin hoton ya sa ana karanta allunan kantuna, agogon hasumiya kuma na nuna ƙarfe biyu saura minti biyar. Babu kwanan wata a jikinsa. A 1947 Kyaftin Way da shugaban ɗakin karatun, Carl Vitz, suka bi sunayen jiragen da ke ɗaure, suka gwada da labaran isowar jirage a jaridu, da ƙarancin ruwan da ke bayyane a gaɓa, da rashin zirga-zirga a tasha, suka tsayar da Lahadi 24 ga Satumba. A tarin akwai kuma hotunan Janairun 1918, lokacin da ƙanƙara ta taru ta murƙushe manyan jirage a tashar birnin, da na 1937 da ruwa ya kai ƙafa 79.9. Mai neman kwafi ya nema da sunan jirgi, ya roƙi a ɗauko masa bayan hoton tare da gabansa, kuma kada a yanke gefuna, tun da a gefen ne gada, kanti da tsayin ruwa suke.

Ga mai tsofaffin nagatif na fim a gida, iri biyu ke ba da matsala. Na naitiret, wanda aka yi amfani da shi har wajen 1950, yana yin rawaya, ya yi danƙo, kuma yana kama wuta da ruwa ba ya kashewa cikin sauƙi. A ware shi a wuri mai sanyi. Wanda ya gaje shi ba ya cin wuta haka, amma idan ya fara tsami yana ƙanƙancewa ya yamutse, tururinsa kuma na harbin na kusa da shi. Bayani a bayan hoto da fensir mai laushi ake yi, biro yana huda takarda ya ɓata ta.

Zangona na ƙarshe Jeffersonville ce ta jihar Indiana, tsallaken Louisville, kusa da gangaren duwatsun da ya sa aka haƙa magudanar jirage a 1830. Iyalan Howard sun kafa ma'aikatar ƙera jirage a nan a 1834, gidansu na 1894 ya zama gidan tarihi, James E. Howard kuma ya bar hotunan gilashi na jirage tun suna ƙashi a kan tudu. A cikinsu ake ganin amfanin dogayen sandunan ƙarfen nan da ke tashi daga gindin jirgi, su bi ta kan turakun katako a saman rufi, su sauka a ɗaya ƙarshen. Jikin jirgin katako dogo ne marar zurfi, nauyin wili da injuna a baya, na tukwane a gaba, don haka ƙarshen biyu ke son sunkuyawa tsakiya ta yi doro. Sandunan ke riƙe su, ana ƙara musu matsi ko a sassauta gwargwadon lodi. Idan suka tsinke jirgin na iya karyewa, shi ya sa a hoton jirgin da ya hau yashi ruwa ya janye ya bar shi, za ka ga turakun sun karkace, rufin ya yi tudu a tsakiya. Da jikin ƙarfe ya yi ƙarfi sai sandunan suka riƙa raguwa, jiragen dizal masu farfela da suka karɓe aikin bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa ba su da su sam. Sojan ruwan Amurka ya karɓi ma'aikatar Howard a farkon shekarun 1940, daga baya ta ci gaba da ƙera barjoji da jiragen turi da sunan Jeffboat har aka rufe ta a 2018.